MALBAZA, GARIN SIMINTI: DA ME ZA MU GINA DAKALIN MADAFA?

 

Damana ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Wanda ya saida wake ko gujiya yana da ɗan abin hannu. Yanzu ne lokacin gyaran gida. Mai gida ya duba katangar da ruwa ya ci, ya duba soron da ke yoyo, ya duba zaure. Madafa ita ce ta ƙarshe, in ma an tuna da ita. Alhali abincin gida duka daga can yake fitowa. A gidaje da yawa na karkara, ƙwarya da tasa da ludayi a ƙasa suke kwana. Kaza ta bi ta kai, akuya ta sa baki, yaro mai rarrafe ya tsoma hannu. Ma'aikatan gidan likita sun daɗe suna gaya mana cewa zawon yara sau da yawa daga nan yake farawa. Maganin abin ba shi da wuya: a ɗauke kayan abinci daga ƙasa. A gina dakali cikin madafa, inda uwargida za ta yi yanka, ta yi kwashe, ta jera kwanukanta. To, da me za a gina shi? Da laka, ko da siminti, ko da dutse, ko da katako? Kuɗin manomi ba su da yawa, kuma sau ɗaya suke zuwa a shekara. Shi ya sa muka tafi Malbaza, garin da aka fara yin siminti a ƙasarmu, don mu gani da ido, mu tambayi masu aikin.

Daga Maraɗi zuwa Malbaza kimanin kilometir 200 ne, bisa babbar hanyar kwalta da ke zuwa Yamai. Mota ta bar Maraɗi, ta wuce Tsibiri, ta wuce Gidan Rumji. Duk wannan yanki rairayi ne da gonaki, da gawo tsaye cikin karan hatsi. Za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga dutsen da za ka jefi kare da shi ba. A Madawa mata suka kewaye mota da tabarmi na kaba masu launi. Daga nan sai ƙasa ta fara sakewa. Tuddai suka fito, kansu shimfiɗe kamar an yanke da wuƙa, jikinsu cike da baƙaƙen duwatsu. Wannan ita ce ƙasar Adar. A Galmi warin albasa ke yi ma baƙo maraba, albasar nan mai jan bawo wadda sunanta ya kai har ƙasashen bakin teku. Kaɗan gaba da Galmi, ga Malbaza. Tun daga nesa za ka hangi dogayen rumbunan masana'anta, sun ɗara duk wani icce na garin tsawo. In ka zarce, kilometir talatin da ƴan kai ke tsakaninka da Birnin Ƙonni.

Malbaza tana cikin jihar Tawa. A da ƙarƙashin Ƙonni take, a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Tsohuwar masana'antar siminti ta fara aiki a 1966, shekara shida bayan samun mulkin kai. A lokacin, ƙarfinta wajen tan 40,000 ne a shekara. A 1998 ta fita daga hannun gwamnati. Daga baya aka gina sabuwa, babba, aka yi bikin buɗe ta a 2019. An gina ta don ta iya fitar da tan 650,000 a shekara. Ɗaliban yaƙi da jahilci, ku ɗauko allo. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 20 ke cika tan ɗaya. Ke nan tsohuwar buhu 800,000 take iyawa, sabuwar kuma buhu miliyan 13.

Me ya sa aka zaɓi Malbaza, ba Maraɗi ko Yamai ba? Saboda dutse. Ƙarƙashin tuddan Adar akwai farin dutse, dutsen farar ƙasa. Masana sun ce shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce, teku ce ta rufe wannan yanki. Halittun ruwa suka mutu, ɓawonsu ya taru a ƙasa, ya daskare ya zama dutse. Maganar tana da wuyar shiga kunne, ga wanda ya san ƙishirwar Adar a watan bazara. Amma yaran garin suna tsintar duwatsu masu siffar katantanwa a gefen tudu, kuma mun riƙe su da hannunmu.

Wani dattijo da ya yi aikin siminti shekaru da dama ya bayyana mana yadda abin yake. Ana fasa farin dutsen, a haɗa shi da yumɓu, a niƙe su lilis. Sai a zuba cikin wata doguwar tanda ta ƙarfe mai juyawa. Zafinta yana kai digiri 1450. Ku tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa. Abin da ke fitowa dunƙule-dunƙule ne masu tauri. Sai a sake niƙa su tare da ɗan wani dutse mai ƙyalli da ake kira jips, wanda shi ma akwai shi a ƙasar Adar. Aikin jips shi ne ya hana siminti daskarewa nan take, magini ya samu lokacin aiki. Dattijon ya ce mu riƙe abu guda: siminti dutse ne da aka ƙona, in ya haɗu da ruwa sai ya koma dutse. Duk sauran bayanin daga nan yake fitowa.

Abin da ya fi ba mu mamaki a Malbaza ba masana'antar ba ce. Gidajen ne. A garin siminti, gidaje masu yawa na laka ne har yanzu. Mun shiga gidan wani tsohon magini, muka roƙi izinin ganin madafa. Uwargida ta ce mu shigo. Murhunta na laka ne, a ƙasa. Dakalin kuma yana gefe, taku biyu daga wuta. Ƙafafunsa tubali ne na laka, samansa kaɗai aka zuba da siminti. Na tambayi mai gidan: «Baba, ku da siminti ke ƙofar gidanku, me ya hana ku yi murhun da shi?» Ya yi dariya ya ce: «Malam, siminti abokin ruwa ne, laka abokiyar wuta. In ka haɗa kowa da abokin wani, ka yi hasarar kuɗinka.»

Gaskiyarsa. Siminti ba ya jure wuta ta kullum. Zafi yana kore ruwan da ke riƙe da shi, tsakuwar ciki ta kumbura, sai ya tsage, ya fara zuba. Laka kuwa wuta ƙara mata ƙarfi take yi, kamar yadda take yi ma tukunya. Don haka murhu ya zauna da laka, irin na Albarka, ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi da aka yaɗa a ƙasarmu cikin shekarun 1980 don rage cin icce. Kuma murhu ya zauna ƙasa. A birni ana gina wurin girki mai tsawon santimetir 85 ko 90, saboda a tsaye ake girki bisa gas da ƙananan tukwane. Matar da ke tuƙa tuwon mutum goma sha biyar da muciya ba za ta iya tuƙi a can sama ba. Wanda ya kwaikwayi madafar birni bai tambayi matarsa ba, zai tarar ta koma waje ta kafa duwatsu uku. Tsawon dakali, uwargida ce za ta faɗa. In a zaune take aiki bisa kujera, a yi shi gajere. In a tsaye, a auna daidai ƙugunta. Amma a tuna da akuya: abin da bai kai ƙugu ba, bakinta yana kaiwa, sai fa in madafar tana da ƙyaure.

Mu fara da laka, tunda ita kowa ke da. Dakalin laka ba ya cin ko dala, in mutum zai cuɗa da kansa. Kakanninmu sun san yadda ake ƙarfafa shi. Ana daɓe saman da tsakuwar marmara, a buga da madaɓi, a yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa. Inda babu ɗorawa, kamar nan Adar, ruwan bagaruwa ake sawa. A garuruwan da ke da marina, magina suna haɗa laso da katsi da gashin jima da dafara, abin ya yi ƙarfi ruwa ya riƙa zamewa a kai. Daɓe mai kyau yana da santsi, yana da kyan gani. Aibinsa shi ne ba ya son wanki. Ruwan nama da mai da romo suna shiga cikinsa, ba sa fita. In aka wanke shi kullum sai ya ɓarke. Kyankyaso da tururuwa su samu gida a tsagar. Ra'ayina, dakalin laka ya yi kyau ga ajiyar tukwane da ƙore da randa. Bai dace da yankan nama ba. Kuma ko wane rani sai an sabunta shi.

Dutse kuma ya danganta da inda mutum yake. Ba'adare dutse ya ishe shi, har gona yake hana shi nomawa. Da duwatsun nan ne aikin Keita, wanda ya fara a 1984, ya yi ta jera shinge don tare ruwa bisa tuddai. Wanda ya samu falalen dutse mai faɗi ya ɗora bisa ƙafafun laka, ya gama, jikokinsa ma za su gada. Amma dutse iri-iri ne. Ga gwaji mai sauƙi: ka matsa lemun tsami bisa dutsen. In ya yi ɗan kumfa, dangin farar ƙasa ne, tsami yana cin sa. Tsamiya da yakuwa da tumatir da nono mai tsami duk za su bar masa tabo, a hankali ya yi ƙaiƙayi. Dutsen nan mai sheƙi da ake sawa a gidajen masu hali a Yamai, wanda ake kira marbur, shi ma ɗan gidan farar ƙasa ne. Yana da tsada, kuma lemun tsami na dala biyar ya isa ya ɓata masa fuska. Wanda tsami bai iya ma komi shi ne giranit, irin manyan duwatsun da ke tsaye cikin birnin Damagaram. Shi ne sarkin duwatsu a wannan aiki. Sai dai yanka shi da goge shi aikin inji ne, ba na guduma ba. Ga mutumin Gobir ko Katsinan Maraɗi, kuɗin ɗauko dutse ya fi kuɗin buhun siminti.

Katako ba za mu daɗe kansa ba. Gara tana ci, ruwa yana ruɓar da shi, kuma kusa da wuta haɗari ne. Azara ta giginya tana jure gara, amma giginya da gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka suna cikin itatuwan da doka ta kare tun 1974. Ba a sare su sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Kada mutum ya jawo ma kansa tara don tebur. Abin da ake bukata na katako shi ne ɗan allon yanka, wanda za a wanke a shanya a rana. Ya kamata ma su zama biyu, na nama dabam, na ganye dabam. Wuƙa bisa siminti ko dutse dakushewa take yi.

Wasu suna shimfiɗa tol bisa katako. Yana wankuwa, amma yana tsatsa, bakinsa yana yanka hannun yara in ba a lanƙwashe shi ba. Muna jan kunnenku da babbar murya: kada a fasa gangar da aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki a yi wurin abinci da ita. Wanki ba ya fitar da dafin.

Akwai kuma karo, wanda ƴan Nijeriya ke ce ma tayil. Mun gan shi a shagunan bakin hanya. Babu abin da ya kai shi sauƙin wanki, tsami da mai ba sa kama shi. Amma shi kaɗai ba ya tsayawa, sai an zuba siminti a ƙasa sannan a manna shi. Ke nan kuɗi biyu. In babbar tukunya ta faɗa masa, ya fashe. Tsakanin karo da karo kuma dauɗa tana maƙalewa. Wanda ke da hali ya sayi manya, don tsagar ta ragu, ya ajiye biyu ko uku a ɗaki saboda ranar da ɗaya zai fashe. Turmi dai ba ya hawa kan karo, ba ya hawa kan ko wane dakali.

Mun dawo ga siminti. A ganina, ga yawancin gidajen karkara, abin da tsohon maginin nan ya yi shi ne daidai: ƙafafu na laka, sama na siminti. Ga lissafin. Dakali mai tsawon santimetir 150, faɗi 60, kauri 7, rabin buhu ya ishe shi. Sauran rabin ya yi shafe, ya yi gindin randa. Maƙwabta biyu ma suna iya haɗa kuɗi su raba buhu. Amma ku sani nauyin wannan falale ya kai kilo 150, wato buhun hatsi ɗaya da rabi. Don haka a bar tubalin ƙafafu ya bushe sarai, a yi su masu kauri, a sa ta uku a tsakiya. A zuba simintin a wurin da zai zauna, kada a zuba a waje a ce za a ɗauko.

Awon haɗi shi ne: siminti awo 1, rairayi awo 2, tsakuwa awo 3. Ko da bokiti, ko da tasa, in dai abin awon guda ne. Rairayi ya zama na gulbi, mai tsabta. Ka damƙa shi da jiƙaƙƙen hannu. In ya bar maka laka a tafi, bai yi ba, sai an wanke. Ruwa ya zama wanda za ka iya sha. Ruwa mai gishiri yana cin ƙarfen da ke ciki. Kuma kada ruwan ya yi yawa. Nan ne mutane suka fi faɗawa. Haɗi mai ruwa-ruwa yana da daɗin zubawa, amma ba shi da ƙarfi. Maginin ya ce ya zama kamar tuwo mai taushi, ba kamar kunu ba. A saƙa siraran sandunan ƙarfe na gini, masu lamba 6, a sa su cikin kaurin yadda siminti zai rufe su ta ko ina. A ɗan karkata saman zuwa waje, don ruwan wanki ya gangara, kada ya koma gindin bango. Kafin ya daskare a barbaɗa zallan siminti kaɗan, a goge da cokalin gini har ya yi santsi. A kashe kaifin baki da kusurwa saboda goshin yara. Mai aiki ya kiyaye hannunsa da idonsa, ɗanyen siminti yana ƙona fata.

Sai babban aiki, wanda ba ya cin kuɗi amma shi aka fi mantawa. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, shan ruwa yake yi. Ku tuna maganar dattijon masana'anta. In iskar hunturu ta busar da shi a kwana ɗaya, zai yi fari, ya yi gari, ya tsattsage. A rufe shi da tsohon buhu ko tabarma, a jiƙa safe da marece har kwana 7. Ba ya cika ƙarfinsa sai kwana 28. Uwargida ta yi haƙuri, kada a ɗora randa cike da ruwa kafin nan. A ƙauyen da rijiya ke da zurfi, a yi wannan aiki yanzu da sauran ruwa, kada a bari sai bazara.

Siminti ma yana da nasa aibi. Ɗan farar ƙasa ne, tsami yana cin sa a hankali, mai yana shiga ya bar baƙi. Maganinsa a goge nan da nan, a wanke da sabulu ko toka. Kuma tukunyar da aka sauke daga wuta a ɗora ta bisa faifai ko gammo.

Ƴan uwa makiyaya masu tashi, wannan nauyi ba naku ba ne. Matanku sun riga kowa sanin ɗauke ƙoren nono daga ƙasa. Gadon sanduna da suke kafawa a mashekari, su kwance su ɗora ma jaki ranar tashi, ya yi aikin da dakali ke yi. Wanda ya zauna wuri guda, shi ne zai yi tunanin gini.

Kafin mu bar Malbaza mun zagaya wurin masu saida siminti a bakin hanya. Amalanke da manyan motoci suna ta lodi. Nan muka koyi yadda ake zaɓen buhu. Ka danna shi da hannu ta ko wane gefe. In ka ji dunƙule mai tauri wanda yatsa ba ya murƙushewa, raɓa ta riga ta shige shi, ka bar shi ko da an rage maka kuɗi. Kada ka sayi buhu tun kaka ka ce sai baɗi, siminti yana rage ƙarfi da ajiya. Ka tara rairayi da tsakuwa, ka buga tubali, ka shirya da magini, sannan ka sayo. In ya zama dole ya kwana ƴan kwanaki a gida, a ɗora shi bisa icce cikin ɗaki, nesa da bango, nesa da randa.